GARDAMAR SHEKARUN AURE: INA AKA KWANA A KANO?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kabuga da hantsi zai ga 'yan mata iri biyu, waɗanda bambancin shekarunsu bai taka kara ya karya ba. Akwai masu rungume da littattafai suna jiran mota, waɗansu za su sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo, waɗansu kuma tsohon mazaunin da ke bayan ganuwa nan kusa. Akwai kuma masu faranti a ka suna kutsawa tsakanin motoci da gyaɗa ko goro, da yawansu kuɗin kayan ɗaki ake tarawa da cinikin. 'Yar jami'a tana iya wuce shekara 22 kafin a ɗaura mata aure. 'Yar talla kuwa, in ta kai 16 tana gidan ubanta, maƙwabta sun fara tambaya ko lafiya.

A kan waɗannan 'yan mata masu faranti ne ake ta kai ruwa rana a ƙasar nan tun shekarar 2003. Abin lura shi ne, da masu cewa lalle a rubuta shekara 18 a cikin doka, da masu cewa ba za a rubuta ba, galibinsu 'ya'yansu suna cikin masu littattafai ne. Watakila shi ya sa gardamar ta fi yin zafi a kan lamba, ta yi sanyi a kan abin da zai sa lambar ta yi aiki.

Ta wannan ƙofa ce sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano ran 3 ga watan Fabrairu na 1903. Tun daga ran nan Bakano yake duban duk wata doka da ta zo daga waje da ido ɗaya a buɗe, balle wadda ta taɓa aure da iyali. Ba a raina wannan tsoro ba, domin yana da tushe. Amma wanda ya ce sa lamba a cikin doka baƙon abu ne a Arewa, bai duba kundin da alƙalai suka daɗe suna aiki da shi ba.

Lambar da Sardauna ya bari

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato wani kwamiti na masana shari'a don ya duba tsarin kotuna kafin samun mulkin kai. Shugabansa shi ne Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a cikinsa kuma akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Shehun Malami Anderson na Jami'ar London, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Bida. Daga shawararsu aka sami kundin Final Kod na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 282 na kundin ya bayyana abin da ake kira fyaɗe, kuma a cikinsa akwai wanda ya sadu da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Watau doka ba ta ɗauki yardar irin wannan yarinya a bakin kome ba. Wannan ita ce lambar da lauyoyi ke nufi in sun ce shekarun amincewa.

To, amma sashen yana da wutsiya. Ya ce saduwar miji da matarsa ba fyaɗe ba ce muddin ta balaga. Saboda haka yarinya 'yar shekara 13 da wani ya yaudara a lungu, doka tana bayanta; 'yar shekara 13 da aka kai ɗakin miji bayan ta ga jini, dokar ta juya mata baya. Kundin bai faɗi shekarun aure ba ko kaɗan. Waɗansu hukumomin En'e ne suka yi wannan da kansu: Biu ta sa 14, Borgu 13, Idoma 12. Jihar Gabas kuwa tun 1956 ta sa 16.

Nan ne tushen rikicin yake. Shekarun amincewa dabam, shekarun aure dabam, amma a bakin jama'a an cuɗa su sun zama abu guda, har ma aka ƙara musu na uku wanda ba shi da dangantaka da ko ɗayansu.

A 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a Dokar 'Yancin Yara. Ita ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, ta hana aurar da shi, ta kuma yanke ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da shi. Sai dai dokar ba ta da ƙafar zuwa Kano. Tsarin Mulki na 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka a kan aure, amma ya ware auren Musulunci da na gargajiya daga wannan iko. Don haka dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihohin Kudu suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan na Arewa suka yi shiru.

Hayaniya biyu a Majalisar Dattijai

Ran 16 ga watan Yuli na 2013 Majalisar Dattijai tana aikin gyaran Tsarin Mulki, sai aka iso sashe na 29. Wannan sashe magana yake a kan wanda ke so ya bar zama ɗan Nijeriya: sai ya cika shekara 18, amma matar aure ana ɗaukarta ta cika ko nawa ne shekarunta. Kwamitin gyara ya ba da shawara a soke wannan jimla ta ƙarshe. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura, tsohon Gwamnan Zamfara, ya miƙe ya ce sokewar ta saɓa wa Musulunci. Shugaban Majalisa David Mark ya yarda a sake kaɗa ƙuri'a. Masu son a soke suka sami 60, masu ƙi 35, alhali ana bukatar 73. Jimlar ta zauna daram inda take.

Kashegari ƙasa ta ɗauka cewa Majalisa ta halatta auren ƙananan yara. Ba ta halatta kome ba, ba ta kuma haramta kome ba. Abin da yake rubuce tun da ne aka kasa gogewa. Amma da yake shi Yarima ne aka yi ta cece-kuce a kansa a 2010 saboda auren wata yarinya 'yar Masar da jaridu suka ce shekarunta 13, ba wanda ya tsaya karanta sashen. Wani Sanata daga Ondo, Ayo Akinyelure, har kuka ya yi a gaban mutanen mazaɓarsa, yana cewa kuskure ya yi wajen danna na'urar ƙuri'a.

Bayan shekara biyu aka maimaita. A watan Yuni na 2015 Majalisar ta zartar da shirin dokar laifuffukan lalata wanda Sanata Chris Anyanwu ta kawo. A ciki an ambaci shekara 11 wajen hukuncin masu lalata da ƙananan yara, sai labari ya bazu cewa an mai da shekarun amincewa 11. Wole Soyinka ya roƙi Shugaba Muhammadu Buhari kada ya sa hannu. Ita Sanata ta ce ba a fahimce ta ba. Shirin bai zama doka ba, amma har yau akwai littattafai da jaridun ƙasashen waje da ke rubuta cewa 11 ce lambar Nijeriya.

Duk wannan hayaniya, ba yarinya ko ɗaya a Gwale ko Dala da ta canza mata kwana.

Shari'ar Gezawa

Abin da ya nuna inda gizo ke saƙa ya faru ne a wani ƙauye cikin Ƙaramar Hukumar Gaya a watan Afrilu na 2014. An zargi wata amarya, wadda aka ce shekarunta 14, da zuba shinkafar ɓera a abinci 'yan makonni bayan an kai ta. Mijin, mai shekara 35, ya mutu tare da waɗansu mutum uku. Aka gurfanar da ita a Babbar Kotu da ke Gezawa a kan laifin da hukuncinsa kisa ne. Ƙungiyoyin mata suka ce auren dole aka yi mata. Iyayenta da dangin mamacin suka ce a'a, da sonta aka yi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: shekarunta nawa? In yarinya ce, kotun yara ya kamata a kai ta, kuma ba a yanke wa yaro hukuncin kisa. In babba ce, ranta yana kan siraɗi. Lauyoyinta suka ce 14, dangin mamacin suka ce ta girmi haka. Babu takardar da za ta raba gardama. A tsakiyar 2015 Gwamnatin Jihar Kano ta janye ƙarar, aka sallame ta bayan ta yi fiye da shekara guda a tsare.

Ya kamata ma'aikacin gwamnati ya tsaya a nan ya yi nazari. Da a ce tun 2003 Kano ta rubuta 18 da manyan baƙaƙe, wa zai tabbatar ranar ɗaurin auren nan cewa amarya ba ta kai ba? Tun 1992 akwai dokar soja mai lamba 69 wadda ta tilasta rajistar haihuwa, aikin kuma yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Wani binciken na 2021 ya sami kashi 57. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, an haɗa da Ikko da Abuja; a ƙauyukan Arewa, inda mace ke haihuwa a ɗaki a hannun ungozoma, abin ya fi haka ƙasa. Kuma kowa ya san yadda ake samun takardar rantsuwar shekaru a bakin kotu: mutum ya faɗi abin da ya ga dama, a buga masa hatimi.

Abin da likitoci suka gani

Masu cewa balaga ta isa suna da hujjar da ba a kawar da ita da tsawa. Uba talaka yana tsoron abin kunya, yana ganin makarantar unguwarsu ajin mutum ɗari ba benci, yana kuma ganin waɗanda suka gama sakandare suna zaune. In an ce kada ya aurar da ita, sai ya ce to ya yi yaya da ita? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma dokar da ba ta amsa ta ba a takarda za ta ƙare.

Amma jiki ba ya jin gardama. Yarinya tana fara al'ada kafin ƙashin ƙugunta ya gama buɗewa. In ta yi ciki a wannan tsakani, kan jariri yana iya kasa wucewa, ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya bar ƙofa. Shi ne yoyon fitsari. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, sau da yawa kuma auren ba ya wuce nan. Wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980, sai ya tarar da matan nan sun fi ƙarfin a kau da kai, ya koma ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki. A Kano akwai sashen Laure a Asibitin Murtala domin wannan ciwo kaɗai.

Tun kafin nan, Shehun Malami Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya sami 'yan shekara 15 zuwa ƙasa suna cikin waɗanda suka fi mutuwa wajen haihuwa. Amma ya sami wani abu kuma wanda masu gardama ba su cika ambata ba: babban abin da ya raba masu rayuwa da masu mutuwa shi ne zuwa awon ciki, kuma matan da suka yi makaranta su ne ke zuwa. Shawarar da ya dage a kanta har ƙarshen aikinsa ita ce a sa kowa a makaranta. Likitan mata ne, amma maganinsa na malamin makaranta ne.

Malamai a bayan ganuwa

Kuskure ne a ɗauka cewa a wannan magana 'yan boko suna gefe guda, malamai suna gefe guda. Tun 1956 Malam Isa Wali, ɗan Walin Kano Sulaimanu, wanda ya tashi cikin littattafan fiƙihu, ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mata a Musulunci, ya sha suka ba kaɗan ba. A taron cika shekara 50 da rasuwarsa, cikin watan Fabrairu na 2017, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa ya sa malamai suna tsara kundin dokar iyali ta Musulunci domin Jihar Kano, wanda zai taɓa auren dole, da dukan mata, da ƙarin aure ga wanda ba shi da halin riƙo. Malaman Jami'ar Bayero suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Maganar ƙarin auren ce ta cinye sauran a bakin mutane, aka yi ta yi a gidajen rediyo da majalisun dare. Har aka tuɓe Sarkin a watan Maris na 2020 kundin bai zama doka ba. An mayar da shi gadon sarauta a watan Mayu na 2024.

Abin da ke cikin littattafan kuwa ya fi abin da ake faɗa a kan titi faɗi. Gaskiya ne mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon ijbari, watau ya aurar da 'yarsa budurwa ba da izninta ba. Amma malaman mazhabar sun ɗaure wannan iko da sharaɗin kada ya cutar da ita, sun kuma raba ɗaurin aure da tarewa, suka ce ba a miƙa yarinya sai jikinta zai iya ɗauka. Tun a ƙarni na biyu na Hijira, Ibn Shubruma, alƙalin Kufa, yana ganin ba a aurar da yarinya sai ta balaga. Ga kuma wani abin da ɗalibai za su so su sani: in alamun balaga ba su bayyana ba, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ƙidaya shekara 15, amma mashahurin zance a Malikiyya, mazhabar Kano, shekara 18 ne. Ba wai wannan ya mai da 18 shekarun aure a fiƙihu ba ne. Abin da ya nuna shi ne, malaman da ba su taɓa jin sunan Majalisar Ɗinkin Duniya ba sun san amfanin lamba in alama ta gaza.

Ƙasashen Musulmi da dama sun bi ta ƙofar maslaha, wadda ta ba shugaba dama ya taƙaita halal in ya ga ɓarna. Daular Usmaniyya ta sa 18 ga namiji, 17 ga mace a 1917. Masar ta hana rajistar auren wanda bai kai 18 ba a 2008. Maroko, wadda Malikiyya ce kamar Kano, ta sa 18 a 2004, amma ta bar wa alƙali ikon ba da izni in an kawo dalili. Sakamakon ya zama darasi ta fuska biyu: alƙalan sun yi ta ba da iznin, dubun dubatar aure a shekara, har 'yan ƙasar suka koma kuka da wannan kafa, amma aƙalla kowace yarinya sai an kawo maganarta gaban hukuma, an rubuta sunanta da shekarunta. Jamhuriyar Nijar kuwa tana da 15 a rubuce ga mace, amma kusan uku cikin huɗu na matanta ana aurar da su kafin 18, domin auren Maraɗi da Damagaram ba ya bi ta ofis. Ita kanta Ingila sai a watan Fabrairu na 2023 ta hana auren 'yan 16 da 17 ko da iyaye sun yarda.

Dokar 2023

A ƙarshe ba gardamar aure ce ta motsa Kano ba. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5 a birnin, a watan Janairu aka gano gawarta, aka kuma gane mai makarantar da take zuwa ne ya aikata. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Fushin da jama'a suka yi ya sa aka kakkaɓe ƙurar shirin dokar da ya daɗe a ajiye. A watan Mayu na 2023, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Kano, shekara 20 bayan ta Tarayya. Katsina ta riga ta yi tata a 2020, Sakkwato da Jigawa a 2021. Mai karatu zai lura duk waɗannan jihohi sun ajiye kalmar 'yanci sun ɗauki kalmar kariya. Ba a banza ba: uba Bahaushe ba ya son a ce ɗansa yana da 'yanci a kansa, amma ba ya musun cewa kare shi wajibi ne.

Lissafi yana nuna ana samun sauƙi, ko da yake a hankali. A 2018 kashi 43 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 sun yi aure kafin 18. Binciken 2021 ya sami kashi 30. Hanyoyin binciken biyu ba ɗaya ba ne, saboda haka ba a rantsuwa da tazarar. Amma duk binciken da aka yi ya haɗu a kan abu guda, cewa yarinyar da ta shiga sakandare tana daɗewa ba a aurar da ita ba, ko akwai doka ko babu. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 a makaranta, wanda zai kai yarinya wajen 15. Kano ma ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019. Da an cika wannan alkawari kaɗai, da rabin gardamar ta mutu ba tare da an taɓa sashe na 29 ba.

Sauran rabin yana wurin ɗaurin aure. Ran Juma'a ko Asabar, a masallatan Kabuga da Ɗorayi da Gwale, liman yakan tambayi waliyyi, ya tambayi wakilin ango, ya tambayi sadaki nawa ne, lakadan ne ko ajalan, ya sa shaidu su ji. Tun 2024 dokar jiha ta ƙara masa tambaya guda, ta takardar gwajin lafiya kafin aure, kuma mutane sun fara sabawa da kawo ta. Takardar haihuwar amarya ba ta cikin abin da aka saba tambaya.